An karɓi zubi, wa ya tambayi lafiyar mai zubin?

Akwai adadi ɗaya da ƙananan bankunan ba da rance ba sa gajiya da faɗa: kashi kaza cikin 100 na waɗanda muka ba bashi sun biya. In adadin ya haura 95 sai a yi tafi, a ɗauki hoton mata cikin anko, a ce an ba su jari sun tsaya da ƙafafunsu. Ma'aikatan wannan harka kuma suna da wani ma'auni da suke kwana da shi suke tashi da shi, wato yawan kuɗin da ya maƙale a hannun waɗanda suka yi lattin biya fiye da kwana 30. Idan bai kai kashi 5 cikin 100 ba, sai a ce banki na cikin ƙoshin lafiya. Ban ƙi ba. Sai dai lafiyar banki ce aka auna. Ita baiwar Allahn da ta kawo kuɗin, babu shafi ko ɗaya a littafin da ke faɗin ko ta ɗora tukunya jiya, ko ɗanta ya sha magani.

Mace na iya cika zubinta ta hanya huɗu. Tana iya biya daga ribar sana'a, wanda dama dominsa aka ba ta rancen. Tana iya sayar da akuyarta ko wani abu daga kayan ɗakinta. Tana iya rantowa a wani wuri, ta ci bashi ta biya bashi. Ko kuma ta rage awo, ta fasa zuwa asibiti, ta haɗa ɗan abin da ta tsimi ta kai. Ta farkon ce kaɗai ci gaba, sauran ukun duk koma baya ne. Amma a littafin mai karɓar kuɗi alama ɗaya ake sa wa duka huɗun: ta biya. Shi ya sa nake ganin duk bankin da ke neman suna da sunan yaƙi da talauci, dole ne ya riƙa auna lafiya da cin abincin gidajen da yake ba rance, ya kuma fito da sakamakon fili kamar yadda yake fitowa da na biya.

Ni ba ma'aikacin banki ba ne. Na yi aiki a asibitin sha-ka-tafi kafin in ajiye in buɗe kemis a unguwarmu, kuma kemis ɗin nan yana kallon wani soro inda ƙungiyar mata ke zaman zubi duk mako. Saboda haka kuɗin nan ta gabana suke wucewa kafin su isa hannun mai karɓa. Wata rana da hantsi, wata mai sayar da awara a ƙofar firamare ta shigo da yaro a baya, jikinsa zafi rau. Na ɗiga jininsa a kan abin gwaji, layi biyu suka fito, zazzaɓin cizon sauro ne. Maganin yaro kamarsa ƙwaya shida ne, safe da yamma har kwana uku. Na faɗa mata kuɗin. Ta kwance haɓar zane, sai ga ƙulli biyu: ɗaya an jera shi tsaf an ɗaure da kyauro, ɗayan kuwa 'yan canji ne a cukuikuye. Ta ture mini na biyun.

"Dakta, yanko mini na yau da gobe. In Allah ya kai mu jibi na dawo in karɓi sauran."

Na ce, "Wancan na kyauron fa?"

Ta ce, "Wannan ai ba nawa ba ne, na zubi ne. In ban kai ba, zaman dirshan za a yi har la'asar, kuma ni kowa zai zuba wa ido."

Na ba ta maganin cikakke, na buɗe littafin bashina na rubuta. A wannan rana littafin banki ya nuna ta biya cas, nawa kuma ya nuna ana bin ta. Da za a tattaro littattafan bashin masu kemis, da na masu awo, da na masu shago a unguwanninmu a ɗora su kusa da na bankuna, da an ga inda wani ɓangare na kashi 95 ɗin nan yake fitowa. Ba kowace uwa ce kuma ke samun wanda zai ɗaga mata ƙafa ba. Wadda ta tafi da rabin magani, zazzaɓin zai lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa, jinin yaro ya yi ƙasa, a wayi gari ana neman kuɗin gado da na ƙarin jini, ninkin ba ninkin abin da aka guda tun farko. Jarin awarar nan shi zai tafi.

A yi lissafi ma a gani. A ce an ba mace naira 100,000 a kan ruwan kashi 4 cikin 100 duk wata, na tsawon wata shida, ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. Za ta mayar da 124,000, wato kusan 5,200 duk mako har mako 24. Ko a makon ƙarshe, da kusan duk uwar kuɗin ta koma, ruwan 100,000 take biya, don haka ainihin tsadar rancen ta kusa ninka abin da aka faɗa mata a baki. Zubin nan bai san an yi hutun makaranta babu cinikin awara ba, bai san waken suya ya tashi ba, bai san yaro ya kwanta ba. Na san mutanenmu da yawa suna gudun waɗannan bankuna saboda kuɗin ruwa, shi ya sa aka samu waɗanda ba sa ta'ammali da shi, su sayo wa mutum kaya su sayar masa da riba sananniya. Wannan ya kawar da damuwar addini, amma zubin mako-mako yana nan daram, kuma tambayar da nake yi ta shafe su su ma.

Abin mamaki, waɗanda muka kwaikwayi tsarin daga wurinsu ba su yi sake da wannan tambaya ba. A 1976 ne Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta Bangaladesh, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra abin da ya kai dala 27 gaba ɗaya. Daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, har Yunus da bankin suka karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Bankin ya tsara alamomi goma da sai gida ya cika su kafin a ce ya fita daga talauci. Akwai rufin kwano, da kwana a kan gado, da zuwan yara makaranta, da ajiya. Amma rabin alamomin a kan jiki suka tsaya: shan ruwa mai tsafta, masai mai tsafta, isassun tufafi da gidan sauro, cin abinci sau uku a rana duk shekara, da kuma iya ɗaukar ɗawainiyar wanda ya kwanta ciwo a gidan. Mun ɗauko zaman rukuni, mun ɗauko zubin mako, mun ɗauko tsaya wa juna. Ma'aunin ne muka baro a can.

Tarihin harkar a ƙasar nan ma ya nuna inda idon hukuma yake. An kafa Bankin Jama'a a 1989, aka kawo bankunan al'umma a 1990, sannan a Disamban 2005 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin ƙananan bankunan ba da rance da muke gani yau. A 2010 ya soke lasisin 224 daga cikinsu saboda rashin ƙarfin jari da rubabbun basussuka. Daidai ne, kuɗin ajiyar talakawa ne a ciki. Amma wannan ya nuna akwai masu bincike da ke shiga banki su duba jarinsa, su duba bashinsa, su rufe shi in ya gaza. Shi kuwa gidan mai cin bashi, ba ya cikin abin da ake dubawa. Haka aka yi da rancen gwamnati irin TraderMoni na naira 10,000 da aka raba a 2018: abin da aka fi cika mana kunne da shi shi ne yawan waɗanda suka karɓa.

Wanda ke ganin yawan biya shi ne shaidar alheri, ya dubi abin da ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Kamfanonin rance sun cika ƙauyuka, mace ɗaya ta ci bashi wuri uku ko huɗu, tana karɓa nan tana toshe can, littattafai kuwa fes, kusan kowa na biya. A watan Agustan 2010 ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, SKS, ya sayar da hannun jari a kasuwa ya tara kusan dala miliyan 350. Kafin shekarar ta ƙare, rahotannin masu cin bashi da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓa suka cika jaridu. A watan Oktoba gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa, biya ya faɗi warwas. Har zuwa dab da rushewar, lissafin kamfanonin bai nuna wata alamar ciwo ba, domin mai rijiyar da ke ƙirga gugan da aka ja, bai taɓa leƙa ruwan ba, ba zai san ta kusa ƙafewa ba sai ranar da guga ya fito da laka.

Masana ma sun bi diddigi. A Janairun 2015 aka buga sakamakon bincike shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meksiko, Mongoliya da Maroko, inda aka kwatanta waɗanda aka buɗe wa ƙofar rance da waɗanda ba a buɗe wa ba, ta hanyar ƙuri'a. Abin da aka gano shi ne, rance na taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, yana ba mutane zaɓi, amma a kan matsakaicin gida bai ɗaga kuɗin shiga ko lafiya ko karatun yara yadda aka yi ta kururutawa ba. Bai kuma zama masifa ga kowa ba. Wasu sun ci riba, wasu sun tsaya inda suke, wasu sun nutse. To, in haka ne, bankin da bai auna ba ta yaya zai san su wa ke nutsewa a cikin nasa mutanen?

Wani zai ce me ya sa lafiya, ba kuɗin shiga ba? Na farko, kuɗin shigar mai ƙaramar sana'a ba ya aunuwa da sauƙi. Mai ƙosai ba ta raba kuɗin wake da na cefane ba, aljihu ɗaya ne. Ga kuma hauhawar farashi: a tsakiyar 2024 tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara, don haka matar da rancenta ya tashi daga 50,000 zuwa 100,000 wataƙila buhu ɗayan nan dai take saye, amma a rahoto za a ce sana'arta ta bunƙasa. Jiki kuwa ba ya irin wannan ƙarya. Na biyu, ciwo shi ne babbar ƙofar da talauci ke shigowa ta cikinta. Wani masani mai suna Anirudh Krishna ya bi tarihin dubban gidaje a Indiya, Kenya, Yuganda, Peru da wani yanki na Amurka, yana tambayar me ya jefa su talauci. A kusan ko'ina rashin lafiya da kuɗin magani ne ke kan gaba.

A wurinmu abin ya fi tsanani. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita kai-tsaye. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙasar nan suke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talaucin da ya haɗa rashin lafiya, ilimi, muhalli da aiki, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. A cikin irin waɗannan gidaje ake raba rancen. Bankin da ya ce lafiyarsu ba ruwansa, ai da kuɗinsa yake wasa, domin ciwo ne ke cinye jari kafin biya ya tsaya.

Ba wani babban aiki nake nema ba. Ma'aunai na nan a shirye. Akwai PPI, tambayoyi goma kan abubuwan da ido ke gani a gida, kuma akwai wanda aka tsara wa Najeriya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tambayoyi takwas kan yunwa. Ni da za a bi shawarata, shida sun isa a fara da su. A wata ukun da suka wuce, akwai wanda ya yi ciwo a gidan nan aka fasa kai shi asibiti, ko aka sayi rabin magani, saboda kuɗi? A watan da ya wuce, akwai ranar da aka tsallake abinci don babu, kuma wa ya haƙura? Zubinki na ƙarshe daga ina ya fito: riba, ko sayar da kaya, ko rance? Ina kuke ɗiban ruwan sha, kuma yara sun kwana a gidan sauro jiya? In an yi haihuwa a shekarar nan, an je awo, kuma a ina aka haihu? Ta ƙarshe, wa ke juya kuɗin, kuma zubin nan ya taɓa hana ki barci ko ya haɗa ki rigima da maigida?

Kada a raina ta ƙarshen. Tun 1996 wani bincike a Bangaladesh ya nuna kaso mai yawa na rancen da ake ba mata, mazansu ko 'yan uwansu maza ne ke juya shi, su kuwa matan sunansu ne a takarda, su ke zuwa zaman zubi. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san ba sai an je Bangaladesh ba. Maigida ya karɓa ya gyara babur, ranar zubi ya fita tun asuba, ita ce za ta sha kallo.

A kan waɗannan tambayoyi zan ƙara abu ɗaya da na yi shekaru ina riƙewa a asibiti: ɗan zaren awon damtse. Siririn tef ne mai launi uku, a naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti nan take. In ya faɗa rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro na bakin rami. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma uwar da ba ta yi boko ba tana iya koyonsa a zama ɗaya. Mata ashirin ko talatin ne ke taruwa duk mako a wuri guda, da yawa da goyo a baya. Ma'aikatan lafiya suna shan wahala kafin su tara irin wannan taro, banki kuwa yana da shi kyauta, abin da kawai yake aunawa a wurin shi ne kuɗi.

Yadda za a yi tambayar ya fi tambayar kanta muhimmanci. Kada mai karɓar zubi ya yi ta. Matar da ke fatan a ƙara mata rance ba za ta gaya wa mai sa hannu cewa jiya ba ta ɗora tukunya ba. Za ta ce Alhamdulillahi, ya rubuta, shi kenan. Mace ce ya kamata ta tambayi mace, a keɓe, ba a gaban 'yan ƙungiya ba, domin rufin asiri a wurinmu ya fi abinci. A tambayi abin da ya auku, da rana da wata, kada a tsaya a kan yaya gida yaya yara. A yi tambayar ranar da mace ta shiga, a riƙa maimaitawa sau biyu a shekara: sau ɗaya a tsakiyar damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro ya yi yawa, sau ɗaya kuma bayan kaka. Wanda ya auna a watan Disamba kaɗai, kallon kitse zai yi wa rogo.

Sannan a bi waɗanda suka fita. Wannan shi ne ramin da yawancin rahotanni ke faɗawa. A ƙungiyar da ke gaban kemis ɗina akwai wata mai ɗinki da ta karɓi rance ta sayi keke. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka yi mata aiki. Mako biyu 'yan uwanta na ƙungiya suna haɗa mata zubi, suna gunaguni ƙasa-ƙasa, domin ba a naɗe tabarma sai kuɗi sun cika. A na uku shugabarsu ta je har gida, ta yi barka, ta yi ya jiki, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, kin san dai halin da ake ciki." Washegari aka ɗora keken a kan baro aka kai kasuwa. Ta biya sauran bashin a dunƙule, ta ce ta gode, ba ta ƙara karɓa ba. A littafin banki tana cikin waɗanda suka gama lafiya. In aka zo bincike baɗi, ba za a same ta a kan tabarma ba, waɗanda suka tsira za a samu, su ne za su ba da labari mai daɗi.

Na san abin da masu bankuna za su ce. Za su ce su ba asibiti ba ne. Gaskiya ne, ba wanda ya ce su yi allura. Tambaya aka ce su yi, su kuma nuna wa mace ƙofar asibiti in tef ya nuna ja. Za su ce akwai tsada. Ba sai an tambayi kowa ba, a zaɓi wasu ta ƙuri'a daga kowane reshe, kuma ga ɗaliban kwalejojin koyon aikin lafiya da ke neman wurin gwajin aiki a kowace jiha. Za su ce in yaro ya rame ba lalle rance ne ya jawo ba, in ya yi ƙiba ma ba lalle shi ne ba. Wannan ma haka yake, tabbatar da sababi aikin masu dogon bincike ne. Amma manaja ba ya buƙatar digiri kafin ya gane cewa in a reshe kaza mata da yawa sun ce da kuɗin magani suka yi zubi, to ko rancen ya yi musu yawa, ko wa'adin ya yi gajarta, ko ma'aikacinsa ya cika tsanani.

Akwai haɗari ɗaya da na yarda da shi ɗari bisa ɗari: banki ya mayar da amsoshin abin tace mutane, ya hana mai ciki ko mai hawan jini rance. Maganinsa shi ne kada suna ya bi amsa zuwa teburin mai amincewa da rance, kuma a gaya wa mace tun farko tana da damar ƙin amsawa ba tare da ya shafi rancenta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta riga ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. A yi aiki da ita.

Awo kuma ba shi da amfani in ba za a yi komai da shi ba. Abu na farko shi ne ɗaga ƙafa a rubuce: wadda aka kwantar, ko aka kwantar da ɗanta, ko ta haihu, a ɗage mata zubi na wasu makonni ba tare da tara ba, kuma ba tare da an ɗora wa 'yan ƙungiya ba. Mu da muke karanta Suratul Baƙara mun san aya ta 282, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi take; amma ayoyi biyu kafin ita, ta 280, umarni ne a saurara wa wanda ke cikin matsi har ya samu sauƙi. Bankunanmu sun riƙe rubutu gam, sai su haɗa da saurarawa.

Na biyu shi ne asusun ciwo. Wannan ba sai mun je nesa ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mata na tara nasu a akwati suna ranta wa junansu, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan ware ɗan asusu daban don ciwo, haihuwa da rasuwa, ba a haɗa shi da kuɗin juyawa. Abin da matan ƙauye suka iya da akwatin ƙarfe, banki mai kwamfuta ba shi da uzurin gazawa. Na uku shi ne inshora. Tun watan Mayun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a ƙasar nan, jihohi irin Kano da Kaduna kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Matsalar waɗannan hukumomi ita ce yadda za su karɓi ɗan kuɗi kaɗan-kaɗan daga wanda ba ya ɗaukar albashi. Banki kuwa yana ganin wannan mutumin duk mako. A haɗa su mana.

Akwai shaidar cewa haɗa rance da wani abu yana aiki. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu an gwada haɗa zaman zubi da darussa kan zamantakewar aure da cutar ƙanjamau. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 ya nuna dukan mata da cin zarafinsu a gida ya ragu da kashi 55 cikin 100 a cikin shekara biyu. Da aka duba ƙauyukan da aka ba rance zalla, an ga ci gaba ta fuskar kuɗi, amma ba a ga irin wannan sauyi ba. Da ba a auna ba, da babu wanda zai san bambancin.

Ba na cikin masu cewa a rufe waɗannan bankuna. Na ga matan da rance ya fitar daga hannun masu ba da bashi da tsada, na ga wadda ta fara da faranti yau tana da shago. Bankunan ma awon zai yi musu adalci, ya raba bankin kirki da na cin amana, maimakon a yi musu kuɗin goro.

Kirana ga Babban Bankin Najeriya shi ne ya sa waɗannan 'yan tambayoyi cikin rahoton da yake karɓa daga ƙananan bankuna, ko da sau ɗaya ne a shekara. Gwamnonin da ke zuba kuɗin jiha a shirye-shiryen rancen mata su sa shi sharaɗi kafin su saki ko kwabo. Malamai da masu unguwanni da ake gayyata buɗe reshe su tambayi manaja abin da ake yi wa wadda ta kwanta ciwo, kafin su sa albarka. Shugabannin ƙungiyoyin mata kuma su nemi a rubuta musu ɗaga ƙafar a takarda tun kafin a raba kuɗi. Bankin da ya ga duk wannan ya yi masa nauyi, ba laifi, ya cire hoton mata da kalmar talauci daga allonsa, ya ce kasuwanci yake yi, mu san da wa muke hulɗa.